Muddin Fitilar Tana Ci

Litinin, da hantsi

Jiya ma ni na kunna fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Ba ta mutu ba, ban kuma ƙona hasumiyar ba, shi ya sa Inna ta rasa abin faɗa sai wai lagwanin ya yi tsawo. Tsohuwar da idanunta suka daɗe da tafiya, tana zaune a ƙasa kusa da murhu, wai ta jiyo hayaƙi a hancinta. Na hau na duba don in ƙaryata ta, sai na tarar ya yi tsawon. Abin haushin uwar mijina ke nan. A kan Dutsen nan na tsakiyar teku aka haife ta, ubanta ya yi gadin fitila, mijinta ya yi, ga ɗanta Lovre yana yi, ni kuwa duk daɗewar aurenmu har yau 'yar gari take kira na.

Mu uku muka rage, ni da ita da Lovre a kwance. Duje mataimakinsa ya tafi da kwale-kwalen tun ranar Juma'a, kuma ba mu da wani kwale-kwalen. Abin da ya faru tsakaninsu a bakin ruwa ba zan rubuta ba. Na wanke wurin da ruwan teku, wuƙar gyaran kifin kuma na jefa ta inda ba mai sake ganinta.

Hannun Lovre na dama ne, daga tafi zuwa wuyan hannu. Lovre ya ce kwana biyu zai miƙe.

Talata, da yamma

Iskar arewa ta taso, ko ƙofa sai an tokare ta da kafaɗa kafin ta rufu.

Ashe wannan aikin nake kallo ina cewa maza sun huta, su dai su hau sama su zauna suna kallon teku. Nauyin ƙarfen da ke juya gilashin da ya kewaye fitilar yana sauka ne a hankali ta tsakiyar hasumiya, in ya kusa ƙasa sai ka murɗa hannun inji ka mayar da shi sama, kuma kafin gari ya waye sai ka yi haka sau ba adadi. Da asuba ka kashe fitila, ka goge gilashi, ka ja labule kewaye da shi don kada rana ta bi ta ciki ta tayar da gobara. Kafaɗuna sun ce ba su san zancen ba.

Ina saukowa Lovre ya ce, "Kin ja labulen?"

"Na ja."

"Har na gabas?"

"Baban Neva, in ka sake tambaya zan ɗauko labulen in naɗe ka a ciki."

Ya yi dariya. Na ji daɗin dariyar nan fiye da yadda na nuna masa.

Laraba, da rana tsaka

Duje bai dawo ba. Na hau sama na duba sau uku, ban san don me ba.

Alhamis, da safe

Inna ta wanke hannun da barasa, ta shafa man zaitun, ta naɗe shi da ganyen kabeji. Ba ta gani, da yatsu take dubawa, kuma na lura ta daɗe tana shafa wurin da ya kumbura. Inna ta yi shiru, to wannan sabon abu ne.

A kicin na ce mata wataƙila iska ce ta tsare Duje. Ta ajiye ludayin tuwon masara ta juyo inda take jin muryata.

"Ke 'yar gari, kanki ɗaya kuwa? Mutumin da ya sha barasa ya yi barci a bakin aiki har gilashi ya tsaya, aka ce za a kai ƙararsa ya zaro wuƙa, shi kike jira ya je gari ya ce a zo a duba wanda ya yanka? Wannan yanzu ya haye wani tsibirin yana canza suna."

To, na ce ba zan rubuta ba, ga shi ta sa na rubuta.

Jirgin ofishin kula da fitilu mai kawo kananzir da gari ba zai zo ba sai ƙarshen wata, yanzu kuwa watan ya kama. A can gari, kullum rana ta faɗi Barba Tonko mai gadin tashar jiragen ruwa yakan fito ƙarshen gada ya hango mu. In ya ga fitila tana ci ya koma ya ci abincinsa, mutanen Dutse lafiya lau. Wato da hannuna nake gaya wa gari kowace yamma cewa kada kowa ya zo.

Asabar, da la'asar

Cikin takaici nake rubuta wannan.

Iska ta ɗan lafa, sai ga jirgin masunta na 'ya'yan Marin ya biyo ta kudu da mu. Na fizge zanin gado daga igiya, na hau kan dutsen da ya fi tsawo ina kaɗawa, ina ihu har maƙogwarona ya tsage. Sun gan ni. Duk suka miƙe suna ɗaga huluna. Iskar daga wajensu take, ta kawo mini muryar babban tsaf: "A gaida Lovre! A gaida tsohuwa!" Tawa muryar kuwa ta tafi bayana.

Laifin wa? Tun ina amarya, duk jirgin da ya wuce sai na fita na kaɗa masa ƙyalle don kaɗaici, har suna kira na matar nan mai gaisuwa. Yau ma sun ɗauka gaisuwa ce. Na tsaya ina kallo har suka zama ɗigo, sannan na zauna a wurin na yi kuka mai isata.

Lahadi, da safe

Akwai wani jan layi da ya taso daga ƙarƙashin ganyen, ya wuce wuyan hannu. Na ja masa hannun riga na rufe.

Mun yi addu'a a gaban hoton Waliyyi Nikola. Na tuna 'yarmu Neva, yanzu tana coci da gwaggonta, an ɗaure mata gashi da jan ƙyalle, tana can tana tsammanin babanta yana kamun kifi.

Litinin, gab da faɗuwar rana

Na faɗa masa. Na zauna a bakin gado na ce, "Baban Neva, dare ɗaya kawai. In Barba Tonko ya fito bai ga fitila ba, da safe jirgi zai zo."

Ya kalle ni kamar na ce mu jefa Inna a teku.

"Perina, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. Ka dubi hannunka."

"Hannuna nawa ne. Fitilar ba tawa ba ce."

Na ce to mu bar ta tana ci, in tsayar da gilashin kawai, ai Tonko zai ga ba ta ƙiftawa ya san akwai matsala. Nan ya yunƙura zai tashi zaune, zufa na karyo masa. Ya ce fitilar da ba ta ƙiftawa a duk yankin nan ita ce ta bakin tashar gari. Matuƙin da ya hango haske a tsaye zai ɗauka ya iso gida, ya karkato kai tsaye ya hau kan Haƙora, duwatsun nan da ke kwance a ƙarƙashin ruwa yamma da mu. Ya ce gara duhu da ƙarya, amma duhun ma ba zai gani ba yana numfashi.

Inna tana bakin ƙofa, ashe duk tana ji. Ta ce, "Ranar da na haife shi, ubansa yana sama yana gyaran lagwani, bai sauko ba sai da gari ya waye. Ban yi fushi ba. Fitilar nan ba ta taɓa kwana a kashe ba, ba kuma za a fara a kan 'yar gari ba."

"Inna, ɗanki ne fa."

"Na fi ki sanin ɗan wane ne. Rana ta kusa faɗuwa, tashi ki hau."

Na hau, na kunna. Na tsane su su biyun yau, kuma ba zan goge wannan ba.

Talata, da safe

Jirgin fasinja na Dubrovnik ya wuce yau kafin asuba, ya yi sammako da kwana guda ko kuwa ni ce na rikita ranakun. Tagoginsa duk haske, har na hango wata mata a tsaye ta rungume yaro. Ya kauce wa Haƙora yadda ya saba. Na daɗe ina kallonsa.

Layin ya kai gwiwar hannu.

Laraba, da rana

Na ƙona ciyawar teku da tsummoki don hayaƙi. Iska ta kwantar da shi a kan ruwa, ko tsayin hasumiyar bai kai ba. Ko ya tashi ma cewa za su yi Perina na ƙyafe kifi.

Na yi tunani, kuma ba wanda zan gaya wa sai takardar nan. Jirgin fasinja Talata da Juma'a da dare yake wucewa. Masu kamun kifin sadin kuwa da duhu suke aiki, don da fitilunsu suke jawo kifi, in wata ya cika kifin ba ya kula su, sai kowa ya ja jirginsa kan tudu ya zauna ɗinkin taru. Wata zai cika ranar Asabar. Ba fasinja, ba masunta, ga farin wata da ko makaho zai ga Haƙora. Asabar da dare ke nan.

Sai dai Asabar ta yi nisa. Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba.

Alhamis, da asuba

Jiya da yamma na hau da niyyar ba zan jira ba. Ya wuni yana kiran sunan ubansa, ya ƙi ko romon kifi. Na ajiye ashana a kan taga na naɗe hannuwana. Sai na hango su, ƙananan fitilu guda huɗu ko biyar suna fita daga gari, suna nufar bayan Haƙora. 'Ya'yan Marin suna ciki, ƙaraminsu ko gemu bai fara ba.

Na kunna.

Alhamis, da yamma

Hannun ya fara wari. Na buɗe taga, Inna ta ce in rufe, sanyi zai kama shi. Ba wadda ta ambaci warin.

Juma'a, da hantsi

Ya farfaɗo na ɗan lokaci, idonsa tar. Ya ce, "Kin rame, 'yar gari." Shi ba ya kira na haka sai in yana son ya ba ni haushi.

Na ce, "Kai kuwa ka yi kyau, kamar kifin da ya kwana a rana."

"In na tashi zan kai ki gari ki sayi takalman nan da kike so."

"Ka tashi tukuna."

Ya kama hannuna da na hagunsa ya ce in yi masa alkawari a kan fitilar. Na ce tuwo yana ƙonewa, na fita. Ba tuwo a wuta.

Layin ya shige ƙarƙashin hammata, ba na iya ganin ƙarshensa.

Asabar, da rana tsaka

Ina tatsar akuya Inna ta lallaɓo da sandarta ta tsaya a kaina. Ta yi ta tsayuwa har akuyar ta gaji da mu.

"Yau wata zai cika," in ji ta.

Na ce haka ne.

"Kina tsammanin ban san lissafin da kike yi ba? Kwana nawa kina tambayata ranar da masunta ke jan jirgi." Ta buga sandar a ƙasa. "Ni makauniya ce. Ko an kunna ko ba a kunna ba, ni ban gani ba. Amma kunnensa lafiya lau, tun yana jariri da ƙarar injin nan yake barci. Ki murɗa shi ya yi ta juyawa, ki kuma rufe katakon tagarsa."

"Inna."

"Kada ki ce mini Inna. Ban ce miki komai ba." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Da safe na taɓa ƙirjinsa. Ubansa ma haka ya yi zafi."

Ban taɓa ganin tana kuka ba, yau ma ban gani ba, don ta ba ni baya.

Lahadi, da sassafe

An yi. Zan rubuta da sauri kafin in rasa ƙarfin hali.

Rana ta faɗi, na cire labule, na murɗa inji, gilashi ya kama juyawa babu komai a cikinsa. Ban san duhu yana da nauyi ba sai jiya. Na sauko na shiga wurinsa, Inna tana zaune a gefen gado.

Ya ce, "An kunna?"

Inna ta riga ni. "An kunna. Ba ka jin inji?"

Ya kasa kunne. Sannan ya miƙo hannun hagu, na ba shi nawa, na zaci so yake ya riƙe. Sai ya kai yatsuna hancinsa ya sansana. Duk wanda ya kunna fitilar nan sai ya kwana da warin kananzir da toka a yatsunsa, ni kuma wawuya ban taɓa ko tulun ba.

"Perina."

Na janye hannuna.

"Hau ki kunna."

Na ce a'a. Ya yunƙura, ƙafarsa ɗaya ta sauka ƙasa, jiri ya mayar da shi. Ya sake, ya kasa. Ya roƙe ni, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Ya roƙi uwarsa, ta ce ita ba ta ga komai ba. Daga nan ya juya fuskarsa bango.

Na koma sama na zauna da ashana a hannu. Can hadari ya taso ya rufe watan da na dogara da shi, teku ta yi baƙi ƙirin. Na yi ta kasa kunne, duk igiyar ruwan da ta bugi Haƙora sai in ji kamar katako ne ya fashe. Na zaro tsinken ashana na mayar ban san sau nawa ba. Ban kunna ba.

Gari na wayewa na zaga Dutsen kaf ina duba abin da ruwa ya kawo. Ciyawa ce kawai da wata tsohuwar kwalba.

Lahadi, da rana

Sun zo. Na hango jirgin tun daga nesa, na gangara bakin ruwa da gudu har na faɗi.

Barba Tonko ne, da wani mutum mai jaka. Na kama hannun mai jakar ina cewa likita, sannu da zuwa, yana ciki. Mutumin ya dube ni ya dubi Tonko. Ya buɗe jakar, sai ga lagwani sababbi da su sukuddireba da gwangwanin man inji. Makanikin ofis ne.

Tonko ya ce, "'Yata, mun ga fitila ta mutu, muka ce inji ne. Wa zai kawo a ransa Lovre yana raye ya bar ta a kashe don kansa?"

Na yi dariya, dariyar da ta tsorata su. Wato fitilar aka kawo wa likita.

Da suka shiga ɗakin Tonko ya toshe hanci, bai ƙara tambayar komai ba. Suka cire ƙofar rumbu suka ɗora shi a kai. Na ɗauko mayafina zan bi su, makanikin ya ce shi dole ya koma, Tonko ba zai iya tuƙi da riƙon mara lafiya shi kaɗai ba, kuma ofis ba shi da wanda zai turo sai an nemo. Muna tsaye a bakin ruwa ana wannan, Lovre ya buɗe ido. Ba ni ya kalla ba, hasumiyar ya kalla.

"Wa zai kunna yau?"

Na cire mayafin. Na tsaya har jirgin ya ɓace, bai waiwayo ba, ko da yake a kwance yake, ta yaya zai waiwayo.

Litinin, da yamma

Na kunna.

Talata

Na kunna. Ba labari.

Laraba, da safe

Inna ta daina cin abinci sai na zauna kusa da ita. Jiya ta kira ni Perina. Na yi kamar ban ji ba, don kada ta janye.

Ba labari. Kullum ina murɗa inji ina lissafin kwanakin da na tsaya jiran wata, daga Laraba zuwa Asabar. Ban san ko su ne suka cinye shi ba.

Alhamis, da la'asar

Barba Tonko ya zo da burodi da gari. Tun kafin ya ɗaure jirgi nake kallon hularsa, ko zai cire ta kamar yadda ake yi in an kawo labarin mutuwa. Bai cire ba. Na zauna a kan dutse.

"Yana raye," in ji shi. "Zazzaɓin ya sauka jiya."

Na jira, don na ga bakinsa bai gama ba.

"Hannun ne babu. Daga kafaɗa." Ya sunkuyar da kai yana gyara igiya. "Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya da ba wannan zancen ake ba."

"Da an rage kwana uku fa?"

Ya ci gaba da gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Mai hannu ɗaya ba ya gadin fitila, wannan ko ba a faɗa ba mun sani. Inna da ta biyo ni da sandarta ta ji komai. Ta ce, "To," ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai, tana taɓa kowane dutse da sandar a hankali.

Na tambayi Tonko ko ya yi zancena. Ya ce ya ƙi magana da kowa, ko Neva da aka kai masa shafa kanta kawai ya yi. Abu ɗaya ya nema, ya sa matan cocin da ke jinya suka juya masa gado ya fuskanci tagar da ke kallon teku, ya kuma hana a rufe ta duk sanyin nan. Tun rana ba ta faɗi ba yake zuba ido.

"Amma ya ba ni saƙo," in ji Tonko, yana sosa ƙeya. "Ni dai yadda ya faɗa zan faɗa, kada ki ga laifina."

"Faɗi, Barba."

"Ya ce a gaya wa 'yar gari shekaranjiya ta makara, sai da jan rana ya ɓace sannan ta kunna. Ya ce kuma wajen asuba gilashin yana rage gudu, ki daina jira sai nauyin ya kai ƙasa." Ya ɗago ya dube ni. "Ya ce jiya dai ba laifi."

Wato bai yi barci ba ko dare ɗaya, yana can yana kallo har asuba. Na rufe fuskata da gefen zani, Tonko ya ɗauka kuka nake, kuma rabi kukan ne.

Na ce, "Ka gaya masa in ya fi ni iyawa ya zo ya yi da kansa." Sai na ji abin da na faɗa. "A'a, kada ka gaya masa haka. Ka ce na ji."

Rana da sauranta sosai, amma na ajiye alƙalami. Zan hau yanzu.